Motoci Biyu, Rumfa Ɗaya

Idan ranar Garwa ta leƙo ta tagar ɗakina wajen ƙarfe biyu, ta dafa kujerar nan da nake karatu a kai, wani ƙamshi yakan tashi daga jikinta: tsohuwar fata, turaren wuta, da ɗan warin fetur can ƙasa-ƙasa. Doguwar kujera ce ruwan ƙasa, ta tsage wuri biyu, an ɗora ta a kan katako don ba ta da ƙafafu. Ƙawayena na jami'a idan sun kawo mini ziyara, masu kunya sukan kalle ta su yi shiru, marasa kunya kuma su ce, "Ke, wannan ai kujerar mota ce!" Ta mota ce kuwa. Ban cika ba su labarinta ba, don magana tana yi mini wuya a baki. A rubuce ta fi zo mini da sauƙi, shi ya sa zan ba ka shi a nan.

Ina da shekara goma sha biyu lokacin. Gidanmu babba ne, yana bayan kasuwa. Mahaifin Kaka, kakanmu namiji, shi ne ya taso daga Kano da fataucin tufafi, ya ga wuri ya zauna, mu kuma muka tashi muna Hausa a gida, Fulatanci a kasuwa, Faransanci a lakwal, wato makarantar boko. Mutum ashirin da wani abu ne a gidan, kuma kowa da muryarsa. Ga turmi, ga rediyo, ga keken ɗinkin Inna, ga yara ana ta bin juna da gudu. Ni kuwa yarinya ce da idan baƙo ya gaishe ni sai in nemi bayan ƙofa. Littafi nake so, amma babu inda zan buɗe shi ba a taka ni ba.

Ran nan ina neman wurin ɓuya na taɓa ƙofar baya ta motar Kaka, sai ta buɗe.

Motar tana cikin rumfar kwano da ke gefen zaure. Ƙirar Faransa ce ta dā, ƙofa huɗu, launin madara, ta girmi Baba da kansa a wajen zama cikin gidan, in ji mata masu zolaya. Giyarta a jikin sitiyari take, kujerar gaba doguwa ce kamar benci, carbi yana lilo a madubi. Bayanta ya ɗaga sama kamar kazar da ke shirin gudu, amma ba ta taɓa gudun ba. Hajiya muke kiranta, saboda ta kai alhazai filin jirgi ba adadi ko da yake ita ba ta taɓa zuwa ba. Ita ta ɗauko amaren gidan, ita ta dawo da mu daga asibiti muna jarirai, ita ke kawo ragon layya. Ita ce kuma ta kai kakarmu mace asibiti tafiyarta ta ƙarshe, wata goma kafin abin da nake ba ka labari.

Da na ja ƙofar na rufe, sai duniya ta yi tsit. Turmin ya koma can nesa kamar a wata unguwa. Daga ranar, kullum na dawo lakwal sai in sulale da littafina in miƙe a kujerar baya, in sauke gilashi kaɗan don iska. Gumi yana zuba, ban damu ba. A nan na karance duk abin da ɗakin karatun lakwal yake da shi. A zatona babu wanda ya sani.

Sai Barkono ta zo.

Baffa, ƙanen Baba na ƙarshe, bakanike ne, kuma shi ne mai dariyar gidan. Shekara biyu yana ɓoye wani abu a bayan garejin da yake aiki. Wani nasara ne mai aikin auduga ya tafi ƙasarsu tun da daɗewa ya bar wa maigadinsa wata mota, ta yi shekaru a gindin mangwaro kaji suna ƙwai a ciki. Baffa ya karɓo ta, ya kwance ta ƙusa-ƙusa, ya sake ɗaurawa. Ranar da ya kawo ta, kafin mu gan ta mun ji ta. Wani gurnani ne ya taso daga bakin layi, mai kauri, wanda kake ji a ƙirjinka kafin kunnenka. Masu shayi suka miƙe. Masu mashin suka tsaya. Almakashin Inna ya faɗi.

Ja ce wur, 'yar ƙarama, ta kwanta a ƙasa kamar ƙadangare. Hancinta ya fi rabin jikinta tsawo. Kujeru biyu kacal, babu rufi sai wani tamfol da ake naɗewa a baya, shi ma ya yage. Tayoyinta da wayoyi kamar na keke, suna walƙiya, sitiyarinta na katako, fitilunta zagaye kamar idon wanda ya ga abin mamaki. Wata ƙanwar Baba ta ce, "Wannan 'yar mitsitsiyar ce ke wannan tsawa? Barkono ke nan!" Sunan ya zauna.

Ni ina bayan ƙofar zaure ina leƙe, zuciyata tana bugawa kamar na yi laifi. Ban taɓa ganin ƙarfe mai kyau haka ba.

Murnar ba ta kwana uku ba ta zama gardama. Bazara ta kai ƙarshe, hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma. Mai garejin ya ce yana son wurinsa. Layinmu kuwa ƙunci ne da shi, ko amalanke ba a bari a waje, kuma rumfar gidan mota ɗaya take ci. A-kori-kurar Baba ta kaya a bakin shago take kwana, ba ta cikin maganar. Ga shi likita ya hana Kaka tuƙi saboda idonsa, Baffa ne zai riƙa kai shi duk inda za shi. To a wace motar? Ɗaya za ta zauna, ɗaya za ta bar gidan. Mata suka tsaya bayan Hajiya, samari suka tsaya bayan Barkono. Ni ban tsaya bayan kowa ba, amma abinci ya daina shiga mini. Idan Hajiya ta tafi, ina zan je?

Kaka bai sa baki ba. Tun rasuwar matarsa magana ta ƙaranta a bakinsa. Yakan zauna a zaure da carbi, a gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Mutumin da a dā idan ya yi dariya ake ji daga kasuwa. Sai ran Laraba bayan la'asar, gardama ta yi zafi har Baba da Baffa sun fara ɗaga murya, ya ɗaga hannu.

"Ran Asabar za mu Ngong gaida Yaya kafin ruwa ya sauka. Duk biyun za su je. Amaryata za ta rubuta abin da ta gani, abin da ta rubuta shi za a yi." Ni yake nufi, haka yake kirana. "Wannan ba ta magana, balle ta yi ƙarya."

Kowa ya juyo ya kalle ni. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Amma aikin da aka ba ni, ko na shara ne, ba na iya yi masa rabi. Na sayi sabon kaye, littafin rubutu, na ja layi da rula, na raba shafi biyu, na jera abubuwa goma. Kwana biyu ina awo da tef ɗin ɗinkin Inna. Na tura bulo ƙarƙashin kowacce: a ƙarƙashin Hajiya ya shige a tsaye, a ƙarƙashin Barkono ko a kwance sai da ya goge. Na tara yaran gida na cusa su: Hajiya ta ɗauki manya shida da yara uku a cinya, Barkono mutum biyu, na ukun sai dai ya bi ta da gudu. But ɗin Hajiya ya ci buhu uku, na Barkono kwando ɗaya da kyar. Na watsa musu ruwa bokiti guda-guda, Hajiya ko ɗigo, Barkono ta jiƙe har kujera. Baffa ya riƙe kai. "Malama, kashe ni za ki yi? Ki bari ki hau ta tukuna!"

Na ji daɗin abin da awon yake nunawa, ba zan ɓoye maka ba. Na kuma ji kunyar jin daɗin.

Ran Asabar Kaka ya kwance agogon hannunsa, ya ɗaura mini, sai da aka huda sabon rami a maɗaurin. Aka shirya zan tafi a Barkono, in dawo a Hajiya. Baba ne zai tuƙa Hajiya, Kaka a gefensa, Inna da sauran mata a baya. Inna ta ɗaure mini mayafi tamau a haɓa tana ta addu'a kamar mai raka ni yaƙi.

Shiga Barkono ba hawa ba ne, sauka ce. Na zauna na ga gwiwar mutane daidai idona. Baffa ya murɗa makulli, kujerar ta hau rawa a ƙarƙashina. A cikin gari a hankali muka bi, yara suna bin mu, 'yan kasuwa suna ɗaga hannu, ni kuwa na sunkuyar da kai. Muka hau gadar Binuwai. Ruwan ya janye, yashi ya fito fari fat, mata suna wanki, masunta suna jan koma, can tsakiya kan dorina biyu kamar duwatsu. Duk wannan na sha gani ta gilashi, amma ban taɓa jin warin kogin ya shigo mini hanci haka ba.

Muna sauka daga gadar, kwalta ta miƙe. Baffa ya kalle ni ta gefen ido. "Malama, danne kayen nan da cinya."

Ya taka.

Ban san yadda zan faɗa maka ba. Wani abu ya tura ni jikin kujera. Gurnanin ya zama kuka, kukan ya zama waƙa. Baffa ya ja 'yar gajeriyar giyar nan, ƙat, motar ta sake zabura, ƙat, ta ƙara. Gonakin auduga da aka share ana jiran ruwa suka koma zare ɗaya ruwan ƙasa. Bishiyoyi suna zuwa suna wucewa kafin in gane irinsu. Muka wuce wata babbar motar kaya kamar a tsaye take, na ga tayarta ta fi kaina tsawo. A wata kwana na rufe ido na ce yau sai daji, amma Barkono ta lanƙwasa ta bi kwanar kamar an zana mata. Iska ta cika mini baki, ta ciro hawaye daga idona ta kai su kunne. Ɗaurin Inna ya kwance, mayafin ya tashi, na cafke shi da hannu ɗaya yana kaɗawa a sama kamar tuta. Sai na ji wata murya tana ihu, "Ƙara, Baffa! Ƙara!" Na waiga in ga wace ce. Ni ce.

Baffa ya yi dariya har ya buga sitiyari. "La ilaha illallahu! Ashe akwai mutum a cikin nan!"

Garken shanu ne kawai ya tsayar da mu, muka jira Bafulatanin ya kora su yana kallon motar baki buɗe. Da muka ga rumfunan masu masara na bakin Ngong na duba agogo, na rubuta minti talatin da ɗaya.

A nan ne muka yi kuskuren.

Yayar Kaka, wadda duk gidan muke kira Goggo don haka iyayenmu suke kiranta, tsohuwa ce mai tsari. Ba ta riƙe waya, ta ce labarin da ya isa labari da ƙafa yake zuwa. Kuma a danginmu akwai yadda ake zuwa gaisuwa: babba ne a gaba, shi ke sallama, yara su biyo baya. Yaro ba ya riga babba shiga. Sau ɗaya tak ake ganin ƙaramin ɗan gida ya zo shi kaɗai da sassafe a guje, wato idan an aiko shi da labarin mutuwa. Baffa ya san wannan sarai. Kamata ya yi mu tsaya a gindin tsamiyar bakin gari mu jira. Amma iskar hanya ta kwashe mana hankali mu biyun. Ya shiga layin Goggo da gurnani, ya ci birki a ƙofarta, ya danna ham har sau uku.

Goggo ta fito tana dogara sanda. Ka tsaya ka ga abin da ta gani: baƙuwar mota, autan ƙanenta ba tare da ubansa ba, idanunsa jajur hawaye ya yi masa layi a kumatu, ga jika a gefe kai babu mayafi, ita ma ido jajur. Sai idonta ya sauka a hannuna.

"Agogonsa ne," ta ce a hankali. Sandar ta faɗi. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ɗan'uwana! Ya bi ta, na san zai bi ta!"

Kafin Baffa ya fito daga motar, wadda fita daga cikinta ma aiki ce, maƙwabta sun cika gidan. Wata ta kama Goggo, wata ta fara salati da Fulatanci, wani yaro ya ruga kiran liman, wasu samari har sun ɗauko tabarmi suna shimfiɗawa a ƙofar gida. Baffa yana ta "Goggo, ki tsaya, Goggo, ba haka ba ne," amma yana share ido yana magana, kowa ya ɗauka kuka ne ya ci ƙarfinsa. Wani dattijo ya dafa shi yana ba shi haƙuri.

Ban san lokacin da na taka kujerar motar na miƙe tsaye ba. Muryar nan da na samo a hanya ba ta riga ta koma ba.

"Kaka yana nan da ransa!" Wuri ya yi tsit. Na buɗe kaye, na karanta kamar a gaban aji. "Ƙarfe takwas da minti biyar, Kaka ya shiga Hajiya, ya zauna a gaba, ya ce a miƙo masa goro. Ƙarfe takwas da minti bakwai muka taso. Suna bayanmu. Agogon aro ya ba ni."

Goggo ta dube ni, ta dubi Baffa. Ta ce a ba ta sandarta. Ta zauna a dakalin ƙofar gida ta kafa wa hanya ido. Babu wanda ya naɗe tabarma, babu wanda ya ba mu ruwa. Minti ashirin da shida muka yi a haka, na rubuta. Sai ga Hajiya ta kunno kai, tana tafe tana rangaji a kan ramuka, cikin natsuwarta ta kullum.

Kaka ya fito, ya ga taro, ya ga tabarmi, ya ga liman. Goggo ta kama hannun rigarsa ta riƙe gam, tana kuka tana faɗa. Da ɗayan hannun ta kamo kunnen Baffa, mutum mai gemu, ta murɗa. "Ɗan banza mai motar aljanu! Ka kashe mini ƙane da safiyar Allah!"

Kaka ya sake duban tabarmin. "Yaya, har an shimfiɗa mini? Mutum nawa suka zo?"

Na ga gefen bakinsa ya motsa. Kaɗan ne, amma na gani.

Aka ci, aka sha, aka yi azahar. Da aka zo tafiya tsarabar Goggo ta fito, wadda ba a isa a ce mata a'a ba: buhun masara, gyaɗa, kuka, kaji uku, da akuya. Aka kalli Barkono, aka kalli kayan, kowa ya yi dariya. Hajiya ta haɗiye su duka ba ta ko yi nishi ba. Na ƙara mata maki.

Baba ya buɗe wa Kaka ƙofar gaba. Kaka bai shiga ba. Ya zagaya Barkono sau ɗaya yana shafa jikinta da yatsa. Sannan ya kwance rawaninsa, ya naɗe shi tsaf, ya miƙo mini.

"Riƙe mini, Amarya. Bari in ɗanɗana abin da ya kashe ni yau."

Sai da mutum biyu suka taimaka aka tattara babbar rigarsa aka cusa. Yanzu babba yana gaba, babu mai cewa an riga shi. Suka ɓace kafin Baba ya sa giya.

Dawowar nan a Hajiya ban taɓa jin daɗin tafiya irinta ba. Tana shiga rami ta fito kamar kwalekwale a kan ruwa. Inna ta yi gyangyaɗi a kafaɗata, akuya tana kuka a but, ƙanwar Baba tana ɓare gyaɗa tana ba kowa, ana maimaita labarin Goggo ana ƙara masa gishiri. A Barkono ba ka jin maganar na kusa da kai. A Hajiya gida ne guda yake tafiya a kan taya. Na shafa kujerar da tafin hannu, na haɗa makina a zuci: bakwai da uku. Na tsira.

A bakin gada muka same su. Sun faka a gefe, hadari ya yi baƙi a bayansu, iska mai sanyi ta fara tasowa daga kogi. Kaka yana tsaye ya jingina da jar motar, hula a hannu, farin gashinsa a waje, idonsa jajur, yana dariya. Ba murmushi ba, dariyar nan tasa ta dā, mai fitowa daga ciki, har yana dafa ƙirji. Masu wanki a ƙasa suna ɗago kai.

"Sau uku!" Baffa ya ce da Baba. "Sau uku ya sa na koma har wajen shanun nan na dawo! Wai ban iya tuƙi ba, tsoro nake ji!"

"Tsoro kake ji mana," in ji Kaka, yana share ido. "Da uwarku tana nan da ta ce a ƙara."

Karo na farko ke nan da ya ambace ta ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Baba ya juya ya kalli kogi. Ni kuwa na duba jerin abubuwana goma, babu layin da wannan zai shiga. Sai na buɗe shafin ƙarshe na rubuta shi a can, da lokacinsa.

Washegari bayan la'asar aka taru a tsakar gida. Na tsaya, na karanta ɗaya bayan ɗaya. Gudu, Barkono. Kwana da birki, Barkono. Kyau, Barkono. Samari suka yi tafi. Yawan mutane, kaya, ruwan sama, ramuka, shan mai, samun kayan gyara, sauƙin shiga ga dattijo, duka Hajiya. Mata suka rangaɗa guɗa. Baffa ya yi murmushin da bai kai ido ba, ya ce, "Malama ba ta yi ƙarya ba." Ya ciro makullin daga aljihu yana juya shi. Shekara biyu na ransa ne a jikin ƙarfen nan.

Kaka ya gyaɗa kai. Fuskarsa ta koma irin ta zaure. "To, alhamdu lillahi. Abin da kika rubuta ke nan duka, Amarya?"

Da na ce e, da an tashi. Babu wanda ya san da shafin ƙarshe. Abubuwa goma aka sani, goma na karanta, kuma babu ƙarya a ciki ko ɗaya. Ina iya hango rumfar daga inda nake tsaye, da ƙofar bayan nan. Amma ba cewa ya yi abubuwa goma ba. Cewa ya yi duka.

"Saura shafi ɗaya," na ce.

Na juya kayen. Muryata ta dawo 'yar ƙaramarta, sai da aka yi shiru sosai. "Ƙarfe huɗu saura kwata, a bakin gada. Kaka ya yi dariya. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin a kai Kaka mace asibiti. Ban san wa zan ba makin ba, don babu layinsa. Amma ba a cikin Hajiya ya yi ta ba."

Babu wanda ya yi tafi, babu wadda ta yi guɗa. Inna ta ja mayafi ta rufe baki. Baba ne ya fara magana, shi da ya fi kowa tsayawa bayan Hajiya. Ya ce da Baffa, "Sai ka nemo tamfol na kirki, kada ruwa ya dake mana tsoho." Kaka ya dube ni. Ya miƙo hannu, na zaci agogonsa yake so, na fara kwancewa. Ya ce in bar shi, hannuna kawai ya riƙe.

Ɗan Goggo aka ba Hajiya, mai jigilar mutane tsakanin Ngong da Tuboro. Ranar da ya zo ɗaukarta na tafi lakwal tun kafin a gama karin kumallo, don kada in gani. Ban fahimci komai a aji ba ranar. Da na dawo na so in wuce rumfar ban kalla ba, sai na ji Baffa yana cewa, "Malama, ba za ki shiga ofis ba?"

A can ƙuryar rumfar, bayan Barkono, an kafa labulen buhu. Na ɗaga. Kujerar bayan Hajiya ce, a kan katako huɗu.

"Na ce wa ɗan Goggo benci ya fi cin fasinja, ya yarda," in ji Baffa. "Amma ba dabarata ba ce."

Kaka yana bakin zaure, yana jan carbi kamar ba ya ji. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Shekara guda ina barin ƙofar baya a buɗe, kina tsammanin mantuwa ce?"

Shekara huɗu ya ƙara a duniya. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci yakan kwance rawani ya miƙo mini, su tafi bakin gada su dawo. Da ya rasu, Baffa ne aka aika Ngong. Ya tafi a motar haya, ya sauka a gindin tsamiya, ya ƙarasa da ƙafa.

Yanzu labarin mutuwa a waya yake zuwa, kafin a rufe idon mamaci an sani a Marwa. Layinmu ya cika da mashina, motocin da ake sayowa duk kamarsu ɗaya, gilashi a rufe, ba ka jin warin kogi. Hajiya, an ce, ta ƙare a wani ƙauye bayan Tuboro. Kayen yana nan. Na sake bin lissafin ba sau ɗaya ba, babu kuskure, bakwai da uku ne har gobe.

Ina rubuta wannan a kan kujerar, rana ta dafa ta, ƙamshin ya tashi. Yau Juma'a. Daga rumfa na ji an murɗa makulli, ta yi tari sau biyu, ta kama. Baffa, wanda gemunsa ya fara fari, yana ƙwala kira.

"Malama! Rufe littafin nan, yau ke za ki tuƙa!"

Bari in rufe.